Ginin DNA da gwajin haske: tazarar rini, magniziyam da zafin Katsina

Duk ma'aikacin ɗakin gwaji da ya taɓa zura katirij a injin GeneXpert, a Katsina ne ko a Daura, ya riga ya yi aiki da ginin DNA mai haske ko da bai kira shi da wannan suna ba. A cikin katirij ɗin tarin fuka na farko, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a Disambar 2010, akwai zaren DNA iri biyar, kowanne a lanƙwashe kamar zargen igiya: bakuna biyu a manne, tsakiya a buɗe. A baki ɗaya an maƙala rini mai ƙyalli, a ɗayan an maƙala sinadarin da ke shanye hasken, wanda za mu kira makashi. Muddin zargen na rufe, rini da makashi na gefe da gefe, ba haske. Da DNA ɗin ƙwayar cutar ya shiga tsakiya ya manne, sai zargen ya miƙe, bakunan su rabu, haske ya tashi. Zaruruwan biyar sun raba wa junansu haruffa 81 (haruffa su ne tubalan DNA: A, C, G da T) na yankin rpoB a DNA ɗin ƙwayar cutar, wurin da turjiya ga maganin rifamfisin ke ɓuya. Sanjay Tyagi da Fred Kramer ne suka fito da wannan dabara a 1996.

Abin lura a nan shi ne babu wanda ya ƙara wa rinin ƙarfi. Wurin zamansa kawai aka canza. Duk abin da ake yi yau da manyan gine-ginen DNA a gwajin haske faɗaɗa wannan ne: a ajiye rini a inda ake so, a tazarar da aka auna, a hana shi haske sai abin da ake nema ya zo. Wanda ya ɗauki ginin DNA a matsayin fitila zai yi asarar kuɗinsa. Ma'auni ne.

Me ya sa DNA? Saboda awonsa sananne ne. Tagwayen zare na da kaurin nanomita 2, kowane harafi na ƙara tsawon nanomita 0.34, kuma murɗa ɗaya na cika a haruffa 10.5. Idan ka ce rini ya zauna a harafi na 16, ka san ya yi nisan kimanin nanomita 5.4 daga farko, har ka san ta wane gefen zaren zai leƙo. Wannan awo na da muhimmanci domin tsallaken kuzari daga rini zuwa rini, ko daga rini zuwa makashi, yana raguwa gwargwadon tazarar idan aka ninka ta da kanta sau shida. Ɗauki rinuna biyu, Cy3 da Cy5. A kusan nanomita 5.4, rabin kuzarin ne ke tsallakawa. Ka ninka tazarar, sai ya koma kashi 1.5 cikin ɗari. Ka rage ta zuwa rabi, ya haura kashi 98. Haruffa huɗu ko biyar da aka yi kuskurensu a zane sun isa su mayar da gwaji mai kyau shirme.

Dala mai fuska huɗu

A ganina, ɗakin gwajin jami'a a nan, ko na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ne ko na Dutsin-Ma, bai kamata ya fara da manyan gine-gine ba. Ya fara da 'yar dalar nan mai fuska huɗu da ƙungiyar Andrew Turberfield ta Oksfod ta haɗa a tsakiyar shekarun 2000. Zare huɗu kawai take buƙata, kowanne mai haruffa 55, kowane gefe kuma haruffa 17, wato kusan nanomita 6. Amfaninta kamar na duwatsun murhu ne: ƙafa uku a ƙasa, tukunya a sama. Zaren kamu da aka shimfiɗa kai tsaye a kan gilashi ko zinare yakan kwanta, ya sarƙe da maƙwabtansa, abin da ake nema ya kasa isa gare shi. Idan aka ɗora shi a kan dala, yana tsaye, kuma faɗin gindin dalar ya tilasta tazara tsakaninsa da na kusa da shi. Ƙungiyar Chunhai Fan a Shanghai ce ta yaɗa wannan amfani tun wajen 2010.

Haɗin ba wuya. Ka narkar da kowane zare zuwa maikuromola 100, ka tsinka wani kaso zuwa 10. Kada ka yarda da lambar da ke jikin kwalba. Ka auna kowanne a haske mai nanomita 260, domin dole su huɗun su zo daidai wa daida. Ka ɗebi maikurolita 10 daga kowanne, ka ƙara maikurolita 10 na ruwan bafa, wato ruwan da ke daidaita tsami da gishiri, mai ninki goma (Tris milimola 200, MgCl2 milimola 500, pH 8), ka cika da ruwa maikurolita 50. Kana da maikurolita 100 ke nan, kowane zare a maikuromola 1. Injin PCR: digiri 95 na 'yan mintuna, sannan a sauke shi zuwa digiri 4 da gaggawa. Shi ke nan. Kwaɗayin yin mai kauri, a ce maikuromola 10, shi ke sa daloli su riƙa kama gefen juna su zama curi.

Tabbatarwa sai da jel na foliyakirilamaid, kashi 8 cikin ɗari, wanda ba a sa masa yuriya ba, da magniziyam a cikin ruwan gudu. Ka jera rami huɗu: zare ɗaya, biyu, uku, huɗu. Layukan su hau kamar matakala, na huɗu ya fi kowa nauyin tafiya. Idan ramin ƙarshe ya nuna layi biyu, zare ɗaya ya yi ƙaranci. Idan abu ya maƙale a bakin rami bai motsa ba, curi ne.

Babban ginin, wanda ake kira origami na DNA, Paul Rothemund na Caltech ne ya bayyana shi a 2006, a kan harsashin da Nadrian Seeman ya kafa tun 1982. Ana ɗaukar dogon zare guda, wato uwar zare, na ƙwayar bairos M13mp18, mai haruffa 7,249, a naɗe shi gaba da baya kamar saƙar tabarmar kaba, gajerun zaruruwa kimanin 200 su ɗaure shi a wurare. Sakamakon allo ne na kimanin nanomita 100 a 70, kuma kowane maɗauri adireshi ne: kana iya cewa rini ya zauna nan, aftama (gajeren zaren DNA mai kama furotin) ta zauna can, tazarar kusan nanomita 6 tsakanin adireshi da adireshi. Ana zana shi da manhajar caDNAno, kyauta ce. Uwar zare nanomola 10, kowane maɗauri nanomola 100, ruwan TAE da magniziyam milimola 12.5, a kai digiri 90 a riƙa saukowa digiri ɗaya a minti har 20. Gini mai hawa-hawa na iya cin kwana ɗaya ko fiye yana hucewa, kuma idan wuta ta ɗauke a tsakiya sai a sake daga farko. Wanda ba shi da inbata ko sola a kan injin PCR ɗinsa ya tsaya a allo mai hawa ɗaya.

Wata dabarar rage kuɗi: kada ka yi odar maɗaurai ashirin kowanne da rininsa. Ka tsawaita su da wutsiya iri ɗaya mai haruffa 20, ka sayi zare guda mai rini da zai kama wutsiyar. Rini ɗaya ka biya, ya zauna a wuri ashirin.

A nan ne kuma mutane ke faɗawa rami. Maɗaurai sun ninka uwar zare sau goma, don haka tara cikin goma na zaren da ke ɗauke da rini ko wutsiya suna yawo a ruwa, ba su shiga gini ba. Idan ba a cire su ba, su ne za su yi ta haske kana murna. Hanya mafi sauƙi ita ce sinadarin PEG, mai kwantar da manyan gine-gine: a haɗa samfurin da ruwa mai PEG 8000 kashi 15 cikin ɗari da gishirin NaCl kusan milimola 500, ɗaya bisa ɗaya, a juya a g 16,000 na minti 25. Ginin zai kwanta, maɗauran su tsaya a sama. Sau da yawa ba a ganin abin da ya kwanta da ido, saboda haka ka sa alama a gefen bututun da ke kallon waje kafin ka juya, ka zuƙe ruwan ta ɗaya gefen. Sau biyu ko uku. Matata mai ramin kilodalton 100 ma tana yi, sai dai tana cin kaso mai yawa na ginin.

Hanyoyin da haske ke ƙaruwa

Ta farko ita ce tara rini da yawa a kan abu ɗaya. Tana aiki, amma da iyaka. Rini iri ɗaya idan suka matsu suna kashe hasken juna, musamman dangin Cy da ke son kwanciya a kan juna. Ka bar aƙalla nanomita 6 tsakaninsu, murɗa biyu na zare ya fi kwanciyar rai. Rini goma a warwatse sun fi talatin a cunkushe. Ka kuma duba harafin da ke maƙwabtaka da rinin: harafin G yana dusashe rinin FAM da wasu rinunan ATTO, don haka a sa T ɗaya ko biyu a tsakani.

Ta biyu ita ce sa abu ɗaya ya kunna rini da yawa. Robert Dirks da Niles Pierce sun nuna a 2004 cewa zarge biyu da aka zana da kyau za su zauna a ruwa ɗaya ba su taɓa juna ba, sai zaren da ake nema ya buɗe na farko, na farko ya buɗe na biyu, na biyu ya buɗe wani na farko, sarƙa ta yi ta tsawo. Ba inzayim, ba sauyin zafi, wanda ga yanayinmu babban abu ne. Matsalarta jinkiri, kuma a nan gini ke shigowa. Zare guda da aka ɗaure yadda iyakar yawonsa nanomita 10 ne ta kowane ɓangare daga maɗaurinsa, idan ka yi lissafi, kamar yana cikin ruwa mai milimola 0.4 ne. Kwatanta da nanomola 100 da aka saba zubawa: ninki dubu huɗu. Shi ya sa zarge da aka ɗora a kusurwoyin dala ɗaya ke amsawa da sauri fiye da masu yawo. Amma kusancin da ke hanzarta amsar gaskiya shi ke hanzarta yoyo, wato zarge ya buɗe ba tare da an taɓa shi ba. Maganinsa biyu ne. A sayi zargen da aka tace da na'urar HPLC ko jel, domin zare mai gibin harafi ɗaya a gindinsa ba ya rufuwa sosai. Sannan a naɗe kowane zarge shi kaɗai, digiri 95 na daƙiƙa 90, a bar shi ya huce rabin awa cikin duhu, kafin ya ga ɗan'uwansa.

Ta uku ita ce mai ban mamaki, kuma ita ce mafi wuyar yi. Ƙwallon zinare ko azurfa mai nanomita 100 yana tattara haske a gefensa, biyu kuma idan suka kusanci juna sai tsakaninsu ya zama wuri mai tsananin ƙarfi. A 2012 Guillermo Acuna da Philip Tinnefeld, a Jamus, sun gina ginshiƙin DNA, suka rataya masa ƙwallon zinare biyu da ratar nanomita 23, rini guda a tsakiya, haskensa ya ninka har sau 117. A 2021 ƙungiyar Tinnefeld, a Munik, ta sake zanen yadda tsakiyar za ta zama fili, ta yi amfani da azurfa, ta samu ninki har 461, har kyamarar wayar hannu ta ga hasken ƙwayar rini guda. Abin da suka nema guntun DNA ne na OXA-48, mai sa Klebsiella turjiya ga magani, kuma sun gwada a cikin ruwan jini. Zaren kamu na riƙe rabin abin da ake nema, zare mai rini na riƙe ɗaya rabin.

Tazara ce dai ke mulki. Rinin da ya matso jikin ƙarfe ƙasa da kimanin nanomita 5 mutuwa haskensa yake yi, ƙarfen ya shanye. Sannan ƙwallon da ba a lulluɓe shi da zare sosai ba, da ya haɗu da magniziyam zai cure: ruwan zinare mai ja ya koma shuɗi-shuɗi, aiki ya lalace. Lulluɓin da zaren T ashirin mai sulfa a baki ake yi, ana ƙara gishiri kaɗan-kaɗan, ba a zuba shi gaba ɗaya.

Kada kuma ninki 461 ya ruɗe mu. Ganin ƙwaya guda daban, samun ta zo wurin daban. A femtomola 1, maikurolita 10 na ɗauke da ƙwayoyi kimanin 6,000 ne kacal, kuma kowacce sai ta yi iyo ta samu 'yar ratar nan. Haske ba ya gajarta wannan jira.

Inda zazzaɓi ya shigo

Abin da ya fi shafar mu daga Yuli zuwa Oktoba sananne ne: zazzaɓin cizon sauro. Yawancin katin gwajin zazzaɓin cizon sauro furotin HRP2 yake nema, kuma tun 2010 aka ba da rahoton ƙwayoyin cutar da suka rasa wannan furotin a Peru, daga baya Eritiriya ta canza katin da take amfani da shi saboda haka. HRP2 kuma yana daɗewa a jini makonni bayan an warke. Ɗayan furotin, LDH na ƙwayar cutar, yana ɓacewa da wuri. Ƙungiyar Julian Tanner a Jami'ar Hon Kon ta samar da aftama, wato gajeren zaren DNA da ke naɗewa ya kama furotin, mai suna 2008s, wadda ke kama wannan LDH, aka kuma warware siffar kamun a 2013. Aftama ba ta lalacewa da zafi kamar garkuwar furotin da ke cikin kati: ta warware, ta huce, ta sake naɗewa. Kuma da yake DNA ce, ɗora ta a kan dala ko allo tsawaita zare ne kawai.

Misalin da ya fi nuna ƙarfin jeri shi ne na zazzaɓin dengi. A 2020 ƙungiyar Xing Wang a Amurka ta gina tauraron DNA mai tsini biyar, ta jera aftama goma daidai da yadda wuraren kamu suke a jikin ƙwayar bairos ɗin. Aftama ɗaya kamunta sako-sako ne, goma a daidai wurarensu sun riƙe gam, kuma riƙon na jan gefunan tauraron ya raba rini da makashi.

Yanzu ga abin da jini da gari ke yi wa duk wannan.

Magniziyam tukuna, wanda shi ke riƙe ginin a haɗe. Gini ya saba da milimola 12.5, jini bai cika kai milimola 1 ba. Abin da ya fi wannan muni, kwalbar jini mai murfi shunayya da muke ɗiba da ita kullum tana da EDTA na milimola huɗu zuwa biyar, kuma aikin EDTA kama magniziyam ne. Ka zuba wannan jini kai tsaye a kan origami, maɗaurai su saki, makashi ya yi nisa da rini, haske ya tashi ba cuta. Sakamakon ƙarya ke nan mai kama da na gaskiya. A tsinka samfurin sau goma a bafa mai magniziyam, ko a ƙara magniziyam da ya rinjayi EDTA ɗin. Sai dai kuma EDTA ɗin ne ke danne inzayim masu yanka DNA, don haka da ka mayar da magniziyam ka tashe su daga barci. Su ma yankansu haske yake kunnawa. Dala da origami sun fi zare tsirara jurewa, amma wutsiyoyi da zarge da ke leƙowa waje ba su da kariya. Lulluɓin oligolayisin mai PEG, wanda ɗakin William Shih ya bayyana a 2017, yana kare gini daga ƙarancin gishiri da yanka duka. Wanda ba shi da shi ya gajarta lokacin karatu, ya karanta a minti 30, kada ya bari sai bayan la'asar.

Sai launi. Ruwan jini na da nasa ƙyallin a ɓangaren shuɗi da kore, himogulobin kuma na shanye haske a wajen nanomita 415, 540 da 577. FAM shi ne mafi arha, shi ne kuma mafi shan wahala a nan, ga shi haskensa na faɗuwa da pH ya sauko ƙasa da 7. A jini a tafi ja: Cy5, Alexa 647 ko ATTO 647N, a kunna da haske na wajen nanomita 640. Idan za a daɗe ana haskawa, sinadarin Trolox milimola 1 zuwa 2 da mai cire iskar oksijin na rage ƙonewar rini. Bututu a naɗe da takardar alminiyam. Ranar Katsina ta taga kaɗai ta isa ta kashe Cy5. Lokacin hunturu kuma ƙura na sauka a gilashi ta riƙa ƙyalli kamar ɗigon gaske, don haka a tace kowane ruwa da matata mai maikuromita 0.22, a rufe faranti.

Zafi shi ne abin da zanen da aka kwafo daga takardun Turai ba ya lissafawa. Jikin origami ba ya narkewa sai an wuce digiri 50, wannan ba damuwa. Damuwar tana ga ƙananan gaɓoɓi. Gindin zarge haruffa 5 zuwa 7 ne kawai. A watan Afrilu, ɗakin da ba na'urar sanyaya na iya kaiwa kusa da 40, zargen ya fara buɗewa da kansa, hasken banza ya ninka, bambanci tsakanin mai cuta da marar cuta ya tsuke. Kamun aftama ma yana sassautawa. A manhajar NUPACK ko makamanciyarta, ka sa digiri 40 da ainihin gishirin da za ka yi aiki da shi, ba 25 ba. Yawanci ƙarin harafi ɗaya ko biyu na G da C a gindi ya wadatar. Ka wuce haka, zargen ya ƙi buɗewa ko abin nema ya zo.

Ajiya kuwa da sauƙi. Zare busasshe na jure tafiya ba ƙanƙara. Da an narkar, a raba shi ƙananan bututu a firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili, domin narkewa da daskarewa da ɗaukewar wuta ke jawowa na lalata ginin da aka riga aka haɗa fiye da zare zalla. Ginin da aka haɗa ya zauna a digiri 4, a yi amfani da shi cikin 'yan kwanaki.

Kafin a taɓa jinin majiyyaci, rami huɗu ya kamata su kasance a kowane faranti: gini a bafa kaɗai, gini a ruwan jinin mai lafiya, gini da zaren da ya bambanta da abin nema da harafi ɗaya, da gini mai aftamar da aka hargitsa haruffanta. A yi farantin sau biyu, ɗaya a digiri 25, ɗaya a 40 cikin injin ɗumama, a karanta kowane minti biyar har awa ɗaya. Idan ramin jinin mai lafiya yana hawa a hankali, inzayim ne ke yanka. Idan ya yi tsalle tun mintin farko, magniziyam ne ya yi kaɗan. Idan kuwa ramin bafa kaɗai ne ya tashi a 40 bai tashi a 25 ba, a koma kan gindin zarge.